Tsofaffin fayilolin PageMaker, Quark, Publisher da Corel: ta wace ƙofa za a fito da aikin?

Duk mai tsara shafi a madaba'un New Town, ko mai ɗan shagon kwamfuta a Nima da Maamobi, a birnin Accra na Ghana, ya san irin wannan baƙon. Malamin makaranta ne ko sakataren ƙungiya, ya shigo da faifan CD a cikin ambulan, yana so a sake buga littafin addu'o'i ko kundin ƙungiya da aka tsara masa shekara ashirin da suka wuce. A sa faifan, sai a ga suna ya ƙare da .p65 ko .qxd, kwamfutar yau kuwa ba ta san su ba.

Hanyoyin fito da irin wannan aiki biyar ne, kuma ba manhajar da ke hannunka ce za ta zaɓa maka ba. Abin da za a yi da aikin bayan an buɗe shi ne ke zaɓa. Wanda zai sake buga littafi kamar yadda yake, buƙatarsa daban da ta wanda zai canza kwanan wata da lambar waya, dukansu kuma daban suke da wanda zai ci gaba da gyaran littafin duk shekara. A tambayi mai aikin wannan tun kafin a yi ciniki, don nan ne kuɗin aikin ke bambanta.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Kwafe komai zuwa kwamfuta, folda guda ta asali wadda ba za a taɓa ba, sannan kwafi na biyu na aiki. Kada a kwafi fayil ɗin tsari shi kaɗai. Hotuna da zubin haruffa, wato abin da 'yan madaba'a ke kira font, galibi suna wasu foldoji a gefe, kuma idan babu su rabin aikin ya tafi.

Wutsiyar suna ita ke faɗin zamani. PageMaker, wanda kamfanin Aldus ya fito da shi a 1985 kafin Adobe ta saye kamfanin a 1994, yana da .pm4 da .pm5 da .pm6, sai .p65 na fitowar 6.5, sai .pmd na fitowar 7 ta 2001, wadda ita ce ta ƙarshe. QuarkXPress yana da .qxd har zuwa fitowa ta 5, daga ta 6 ya koma .qxp. Microsoft Publisher .pub, CorelDRAW .cdr. Fayil da ya fito daga tsohuwar Macintosh sau da yawa ba shi da wutsiya sam. Manhajar TrID ko DROID tana duba cikinsa ta faɗi ko mene ne, sai ka ƙara masa wutsiyar da hannu. Idan kuma ka ga font ɗin Mac yana nuna girmansa sifili a Windows, bai lalace a yau ba: tsohuwar Mac tana ajiye shi ne a wani ɓangare na fayil wanda ke zubewa a lokacin kwafi, sai dai a nemo asalin faifan ko ƙunshin .sit, wato matsattsen kwafi irin na Mac, idan an yi sa'a akwai.

Tsohuwar manhaja a gidanta

Da tsohuwar zuma ake magani. Babu hanyar da ta kai buɗe fayil a manhajar da ta haife shi, domin ita kaɗai ta san inda kowane layi ya karye da inda kowane shafi ya ƙare. Matsalar ita ce PageMaker 7 an yi shi ne don zamanin Windows 2000 da XP. A Windows 10 da 11 yakan shiga wani lokaci, amma ya dinga mutuwa wajen fitar da PDF ko wajen bugu. PageMaker 5 kuwa ba zai tashi a Windows mai bit 64 ba ko kaɗan.

Mafita biyu ce. Ko a samo tsohuwar kwamfuta mai XP, irin wadda har yanzu ake tsinta wajen masu kayan gwanjo a Circle, ko a girka VirtualBox, manhajar kyauta mai kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, a gina XP a cikin sabuwar kwamfuta. Na biyun ya fi, don ba ya tsoron ƙurar hunturu, kuma ana iya kwafe shi gaba ɗaya a ajiye. Ba shi ƙwaƙwalwar MB 512 zuwa GB 1 da wurin ajiya GB 10, ya isa. A kashe masa intanet, domin Microsoft ta daina kula da XP tun Afrilun 2014, a haɗa shi da babbar kwamfutar ta folda ɗaya ta musaya. Ga fayilolin tsohuwar Mac akwai SheepShaver, mai kwaikwayon tsohuwar Mac ɗin, amma saita shi ya fi wahala, ba na wanda ke gaggawa ba ne.

Jerin aikin yana da muhimmanci. A fara girka font ɗin asali kafin a buɗe fayil, in ba haka ba PageMaker zai musanya su, layuka su zame. A girka firinta irin ta PostScript, wato harshen da firintocin madaba'a ke karantawa, ko da babu na'urar a zahiri, a sa mafitarta ta zama FILE. Dalili shi ne PageMaker na Windows yana auna rubutu ne bisa firintar da aka zaɓa a Document Setup, idan bai same ta ba ya sake lissafi, littafi mai shafi 96 ya iya komawa 98. Bayan an buɗe, a duba Links Manager a haɗa duk hoton da ya ɓace. PageMaker bisa al'ada yana tambaya kafin ya haɗiye hoton da ya wuce KB 256, masu tsari da yawa kuma suna cewa a'a don fayil ya yi sauƙi, shi ya sa abin da ya rage a ciki ɗan hoton leƙe ne kawai mai dishi-dishi, wanda ba ya buguwa.

Fayil da ke gardama yana da magani ɗaya da tsofaffin ma'aikata suka sani: a zaɓi kibiyar da ke cikin kayan aikin PageMaker, a tabbatar ba a kama komai ba, a danne Shift da Ctrl, a shiga Type a danna Hyphenation. Idan kwamfuta ta yi ƙara sau ɗaya lafiya lau, biyu ya gyara wani abu, uku ya ga ɓarnar da ta fi ƙarfinsa. Daga nan a yi Save As da sabon suna.

Abu biyu ake fitarwa a nan. Na farko PDF, ko kai tsaye ko ta buga fayil ɗin PostScript a juya shi da Distiller ko Ghostscript, tare da tabbatar da an cusa font a ciki. Na biyu rubutun zalla, ta Export zuwa RTF, nau'in fayil ɗin rubutu da Word ke buɗewa. Ko da wata hanya za ka bi daga baya, wannan PDF ɗin shi ne shaidarka: da shi za ka gwada kowane shafi na sabon aiki. Ga wanda sake bugu kawai yake so, aiki ya ƙare a nan, kuma duk wanda ya ce sai an juya littafin zuwa InDesign, manhajar Adobe da ta gaji PageMaker, kafin a buga shi yana ƙara wa kansa wahala ne, yana ƙara wa mai aiki kuɗi.

InDesign a matsayin gada

Wannan ce hanyar wanda zai ci gaba da gyaran littafi. Sai dai akwai tarko: InDesign na yanzu, wanda ake biya wata-wata, ba ya buɗe PageMaker. Fitowa ta ƙarshe da ke yin haka ita ce CS6 ta 2012, kuma tana karɓar na 6.0 zuwa 7 ne kawai. Fayil ɗin .pm5 sai an fara bi da shi ta PageMaker 6.5 an ajiye shi sabo. Adobe ta daina sayar da CS6, don haka abin yi shi ne a nemi madaba'ar da har yanzu take da shi a wata kwamfuta, a biya su su juya, a karɓi sakamakon a INDD, fayil ɗin InDesign na kansa, da kuma IDML, nau'insa na musaya da wasu manhajoji. Wannan ya fi sauko da kwafin sata daga intanet, wanda sau da yawa da cuta yake zuwa, ya cinye sauran ayyukan shago.

Abin da ke hayewa lafiya yana da yawa: girman shafi, iyayen shafuka (masu ɗauke da abin da ke maimaituwa a kowane shafi), salon sakin layi da sunayensu, launuka, da akwatunan rubutu a sarƙe yadda rubutu ke kwarara daga shafi zuwa shafi. Wannan sarƙar ita ce babbar riba, don babu wata hanya ta kyauta da ke kiyaye ta da kyau. Abin da ke karyewa kuma sananne ne. InDesign yana tsara sakin layi gaba ɗaya a dunƙule, PageMaker kuwa layi-layi, saboda haka karyewar layuka tana canzawa. A shiga salon sakin layi a mayar da shi kan Adobe Single-line Composer, zai matso kusa da na da. Tazarar layi ma haka: PageMaker yana da hanyoyi uku na auna ta, InDesign ɗaya, shi ya sa rubutu kan ɗan hau ko ya sauka a cikin akwati. Duk inda ka ga ɗan jan alamar ƙari a gindin akwati, rubutu ne ya yi ambaliya ya ɓuya. Abubuwan da aka manno daga Excel ko Word ta hanyar OLE sukan ɓace, jadawalin Adobe Table kuma hoto yake zama, ba ya gyaruwa, sai an sake gina shi.

Da Quark labarin ya ɗan bambanta. InDesign yana buɗe na 3.3 zuwa 4.1 kai tsaye. Na 5 zuwa sama sai ko a sauko da shi mataki-mataki a cikin Quark, ko a sayi manhajar kamfanin Markzware, irin su Q2ID da QXPMarkz. Wanda yake da sabon QuarkXPress kuma ya ƙi buɗe tsohon fayil, kamfanin ya fitar da Document Converter kyauta, mai ɗaga na 3 zuwa 6 ya kai su tsarin 9.1.

IDML ɗin da aka ce a karɓa shi ne 'yancinka. Affinity yana buɗe shi, Scribus ma haka, sabon Quark ma haka. Affinity, wanda Canva ta saya a 2024, ya zama kyauta tun ƙarshen Oktoban 2025, don haka ƙaramin shago na iya biyan kuɗin juyawa sau ɗaya, ya ci gaba da aiki ba tare da biyan dala kowane wata ba. A kula dai, sunan Affinity Publisher yana ruɗin mutane: ba ya buɗe .pub na Microsoft.

Na kyauta: LibreOffice Draw da Scribus

LibreOffice Draw yana buɗe CorelDRAW tun 2012, Publisher tun 2013, PageMaker 6 da 7 tun 2015, Quark 3 da 4 tun 2018. Scribus, daga fitowa ta 1.5 zuwa 1.6, yana amfani da injinan karatu iri ɗaya, shi ya sa idan fayil ya gagari ɗaya, da wuya ɗayan ya yi abin kirki. Amfaninsu shi ne sauri. Cikin minti biyu ka ga abin da ke cikin fayil, ka san ko ya cancanci wahala, ka kwashe rubutu. Ga katin aure, takardar suna, sanarwar maulidi ko rasit mai shafi ɗaya, sun wadatar, musamman fayilolin Publisher, inda suka fi ƙwarewa. Mai fayiloli da yawa yana iya rubuta soffice --headless --convert-to pdf tare da sunan fayil, ya juya su ba tare da buɗe kowanne ba.

Ga littafi kuwa, ba su ne ba. Salon sakin layi yakan narke ya zama gyaran hannu, sarƙar akwatuna ta tsinke, lambar shafi ta daskare. Draw kuma a RGB yake tunani, saboda haka baƙin rubutu da aka tsara a baƙi zalla yana iya fitowa a farantin bugu huɗu, na kowane launi, mai injin bugu ya dawo maka da shi saboda haruffa suna inuwa. Idan za a je faranti, a ƙarasa aikin a Scribus, a mayar da launuka daga RGB na allon kwamfuta zuwa CMYK, launuka huɗu na bugu, a fitar da PDF/X, wato PDF na madaba'a.

Masu .pub suna da wa'adi. Microsoft ta sanar cewa Publisher zai kai ƙarshensa a Oktoban 2026, masu Microsoft 365 kuma ba za su ƙara iya buɗe fayilolinsu da shi ba. Makarantu da masallatai da ofisoshin ƙungiyoyi da ke da takardun shaida da jadawalin sallah a Publisher, matuƙar akwai kwamfutar da yake tashi a kanta, su fitar da kowane fayil a PDF, su kuma ajiye rubutunsa a Word.

CorelDRAW shi ne mai sauƙin cikinsu, kuma shi ne ya fi yawa a Accra, don har littafi mai shafi ɗari ana tsarawa da shi. Sabon Corel yana buɗe na 9 da 11 da 12 da X3 ba gardama. Abu biyu kawai: an sake tsarin launi a X5, sai shuɗi ko kore na tsohon fayil ya ɗan sauya, a duba lambobin CMYK kada a yarda da ido. An kuma sake injin rubutu a X6, shi ya sa yake tambaya ko a sabunta rubutu. Idan bugu kawai za a yi, kada a danna. Inkscape yana buɗe .cdr, amma ga tambari da zane, ba ga shafuka masu inuwa da launi mai narkewa ba.

Inda aikinmu ya bambanta: ƙ, ɗ, ɓ da Larabci

Nan ne mafi yawan juyi ke faɗuwa, kuma ba laifin manhaja ba ne. Kafin Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, ya bazu, font ɗin da aka saba ba su da haruffa masu lanƙwasa. Sai masu dabara suka ɗauki font suka goge wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba, suka zana ƙ da ɗ da ɓ a gurbinsu. Haka aka yi wa ɛ da ɔ na Twi da ŋ na Dagbani. A ido ƙ ce, amma a cikin fayil wata alama ce daban. Da an canza font sai asiri ya tonu: kalmar ƙasa ta fito da alamar da ba ta da ma'ana a gabanta. Kuma kowace madaba'a da nata gurbin, babu doka ɗaya.

Gyaran ba wuya, haƙuri yake so. Ɗora PDF ɗin shaida a gefe, nemo kalma mai ƙ, duba wace alama ta fito a sabon fayil, rubuta. Haka har a gama da ƙ, Ƙ, ɗ, Ɗ, ɓ, Ɓ, da ƴ idan littafin salon Nijar ne. Sannan a yi nema da musanya: ƙ ita ce U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, manyansu U+0198, U+018A da U+0181. A taƙaita neman ga wancan font ɗin kaɗai, in ba haka ba za a ɓata alamar a inda take da aikinta na gaskiya. InDesign yana zuwa da ɗan rubutaccen umarni mai suna FindChangeByList wanda ke yin duka musanyar a bugu ɗaya, ga mai littattafai da yawa daga madaba'a guda. Sabon font ya zama mai ɗauke da haruffan da gaske, irin su Charis SIL, Andika, Gentium ko Noto Serif. Idan babu ƙ a font, wasu manhajoji suna aro ta daga wani a ɓoye, sai ta fito siririya a tsakiyar kalma mai kauri.

Akwai kuma font irin na Type 1, masu wutsiyar .pfb da .pfm. Adobe ta daina karɓarsu a manhajojinta tun Janairun 2023. A cikin PDF suna nan lafiya, amma ba a gyara rubutu da su. FontForge yana juya su zuwa OpenType, idan lasisinsu ya yarda.

Larabci ya fi tsanani. An tsara shi ta hanyoyi daban-daban: PageMaker na musamman na Gabas ta Tsakiya, ArabicXT a cikin Quark da font ɗinsa masu farawa da AXt, ko a rubuta a wata 'yar manhaja a manno cikin Corel. A hanyoyi biyun ƙarshe, abin da ke cikin fayil ba Larabci ba ne a wajen kwamfuta, siffofin haruffa ne aka jera a gurbin na boko. Juya shi yakan ba da haruffa a rarrabe, ko a juye daga hagu, ko wasulla sun zame daga kan baƙaƙensu. Hukunci a nan a fili yake: duk shafin da ke da ayar Alƙur'ani ko hadisi, ko dai a bar shi kamar yadda yake a PDF daga tsohuwar manhaja, ko a sake shigar da nassin daga tushe ingantacce na Unicode, malami ya bi shi harafi-harafi. Fataha ɗaya da ta koma kisira ta isa a tattara bugu dubu a ajiye. Don sabon tsari, a InDesign a kunna World-Ready Paragraph Composer. Scribus ma yana rubutun dama zuwa hagu tun 1.5.3. Amiri da Scheherazade New suna da kyau ga Larabci, ga Ajami da rubutun Warshu kuwa akwai Harmattan da Alkalami, waɗanda aka zana don rubutun Afirka ta Yamma.

Idan PDF ne kawai, ko takarda

Affinity, Corel, Illustrator da sabon Quark duk suna buɗe PDF su ba ka damar taɓa rubutu. Don canza shekara a bangon littafi ko suna a kati, babu laifi. Amma PDF bai san sakin layi ba, kowane layi guntu ne mai zaman kansa, ƙara kalma ɗaya ba ya tura sauran gaba. Gyara mai yawa a cikinsa ɓata dare ne.

Hanya ta biyar ita ce sake tsari daga tushe, kuma mutane suna gudunta fiye da kima. Littafin rubutu zalla mai shafi 60, idan an samu RTF ɗinsa an gyara haruffa, zuba shi a sabon tsari mai salo biyar ko shida yakan fi sauri, ya kuma fi tsabta, a kan bin juyayyen fayil shafi-shafi ana farautar ambaliya. Juyawa ta fi riba ne inda tsarin kansa ke da tsada: mujalla mai hotuna, littafin yara, kundin da ke da jadawali a kowane shafi. Idan kuwa fayil ya mutu ɗungurum sai kwafin takarda, a ɗauki hotonsa a na'urar sikanin: digo 300 a kowane inci don manhajar karanta rubutu, 600 zuwa 1200 baƙi da fari idan shafin ne za a mayar faranti kai tsaye. Manhajar karatun takan mayar da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, don haka mai duba gyara ya zama Bahaushe mai karatu, ba mai kwamfuta kawai ba.

Kafin a tura faranti, a duba girman takarda. Fayiloli da yawa na wancan zamani an bar su a Letter na Amurka, milimita 216 da 279, alhali takardarmu A4 ce, 210 da 297. A ƙara rarar yanka milimita 3 idan launi ya kai baki. A karanta abin da ke cikin shafin ma, don fayil na iya buɗewa daidai amma labarinsa ya tsufa. Farashin da aka rubuta kafin Yulin 2007 na tsohon sidi ne, wanda 10,000 nasa ya zama sidi ɗaya, alamar ₵ kuma ba kowane font ke da ita ba. Lambar wayar ofis da ta fara da 021 ta koma 030 2 tun 2010. Littafin makaranta da ke cewa jihohin Ghana goma ne, yanzu 16 ne. Waɗannan mai aikin ne zai yanke hukunci a kansu, amma mai tsari ne zai nuna masa su a kan kwafin gwaji, ya sa hannu kafin injin ya tashi.